Gwaggo Mai Gansakuka

Ranar da muka kai Gwaggo makwancinta, yayar babana, gidanta ya cika har bakin hanya, amma randarta ko moɗa ɗaya ba ta ragu ba. Ni na wanke randar da hannuna da safe, na cika ta da ruwan burtsatsen unguwa, wanda kowa yake sha. Zafin bazara ake yi mai sa mutum ya ji kamar ya cire fatarsa. Matan zumunta na majami'armu sun zo cikin ankonsu, sun buga tuluna, sun yi waƙa har muryoyinsu suka dishe, amma kowace da ledar fiya wata a jakarta. Na miƙa wa wata tsohuwa kofi, ta kalle shi, ta kalle ni.

"Na gode, 'yata. Na sha a gida."

Wata kuma ta jawo ni gefe, ta yi ƙasa da murya, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Mama nan ya yi ƙoƙari fa, ya koyar da yara da yawa. Amma kayan nan na shi, kun zubar?"

Kwalaben da ke jere a baranda take nufi. Na ce ba mu zubar ba. Ta ce to, Allah ya ba mu haƙuri, ta ɗauki kujerarta ta koma can nesa da barandar.

Da rana ta ɗaga sai ga Arɗo da mutanensa sun zo daga ruga. Ba su shiga majami'a ba. Sun zauna gindin mangwaro, suka yi wa babana gaisuwa, suka tashi. Ba su gama fita ba na ji wani a bayana yana cewa, "Me ke tsakaninsu da ita?" Wani ya amsa masa, "Kai ma ka faɗa."

Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu ke nan. Na ji an fara hana yara bi ta ƙofar gidanta. In aka bari, nan da 'yan shekaru abin da zai rage na Gwaggo a ƙauyenmu shi ne wata tsohuwa mai tara koren ruwa a kwalba, wadda ba a san abin da take yi da shi ba. Ni kuwa na zauna da ita, na san abin da take yi da shi.

Malamar ilimin halittu ce, ta koyar a sakandaren 'yan mata har ta yi ritaya. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya rayu. Da ta bar aiki sai ta dawo ƙauye, kan hanyar Kwoi, da akwatunan littattafai da wani tsohon madubin duba ƙananan halittu a akwatin katako. Lokacin da aka turo ni aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, mijina yana Kaduna, sai Baba ya ce in zauna wurinta. Haka na shiga gidan kwalabe.

Gansakuka ce a cikinsu, koren abin nan da ke taruwa a kududdufi da bakin rafi da jikin randa. A idona duk ɗaya ce. Ranar farko na ce mata, "Gwaggo, wannan dattin fa?"

Ta cire tabarau. "Wane daga ciki?"

"Duka. Koren nan."

"Kore ba suna ba ne, ɗiyata. Zo ki zauna."

Ta ɗiga ruwa a kan gilashi, ta juya madubin wajen hasken taga. Na sa ido, sai na ga zare mai gaɓa-gaɓa, a cikin kowace gaɓa an nannaɗe wani koren ƙyalle kamar igiyar da aka murɗa. Ta ce wannan shi ne gashin ruwa, mai santsi a hannu. Ta sake ɗigo daga wata kwalba, na ga wani abu rabi biyu, kowane rabi kamar an ɗora ɗan'uwansa a madubi. Waɗannan tana kiransu tagwaye. Akwai ƙwallo mai mirginawa da kansa, akwai mai kama da tauraro. Tana da sunayensu na Turawa, dogaye, amma a gida da waɗannan take kiransu, kamar jikoki.

Ta ce gansakukar ruwan daɗi gida biyu ce manya. Ƙwallo da tauraro gidansu ɗaya. Gashin ruwa da tagwaye da wani mai rassa da ke wari kamar tafarnuwa, su kuma nasu gidan daban, kuma daga zuriyar wannan gida na biyu ne duk wani tsiro na tudu ya fito. "Cittar babanki da accar da kika ci jiya, dangin wannan santsin ne," in ji ta. Ta ce da, a zamanin da take koyarwa, da siffa ake raba su: mai zare nan, mai ƙwaya ɗaya can. Daga baya masana suka duba yadda suke rabuwa in za su hayayyafa, suka duba gadon da ke cikin ƙwayarsu, sai aka ga waɗanda suka yi kama ba lalle ne su zama 'yan gida ɗaya ba. Wani tsohon abokin aikinta ne ya aiko mata da bayanin a waya. Ta yi kwanaki tana ɓacin rai.

"Shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yan mutane ƙarya da alli."

"Ai ba ki sani ba ne, Gwaggo."

"Shi ya sa. Wannan sabon ma ban sakar masa jiki ba. Bari mu ga ko zai daɗe."

Haka take da komai. Mutanen ƙauye suna zarginta, amma ban taɓa ganin mai zargi kamarta ba. Ba ta yarda da mai sayar da maganin gargajiya a mota ba, ba ta yarda da masu zuwa da annabci daga birni ba, ba ta yarda da ledar fiya wata ba sai ta ɗaga ta sama ta duba. In ka kawo mata labari, sai ta ce, "Wannan ji ka yi. Me ka gani?" Mata sun daina kawo mata gulma saboda wannan tambayar, kuma duk matar da ba a kai wa gulma, ita ake yi da ita.

Ba ta da sauƙin zama, gaskiya. Ba ta iya lallashi ba. Amma lokacin da na yi ɓari, kowa ya zo yana gaya mini nufin Allah ne, ita kuwa ba ta bi sahunsu ba. Ta dama mini kunun acca, ta ajiye kujera a gaban madubin, ta ce, "Zauna ki duba. Ba sai kin yi magana ba." Na zauna ina kallon ƙwallon nan yana mirginawa a cikin ɗigon ruwa, ina kuka, tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ita da ta binne nata duka. Har muka rabu ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Akwai wata ƙaramar kwalbar allura da take ajiyewa a cikin gwangwani. A ciki akwai wasu 'yan ƙwayoyi, ko ƙwayar acca ta fi su girma. Wani malaminsu ne ya ba ta tun tana jami'a. An same su ne a cikin dutse, a wurin da wani tafki ya taɓa zama ya ƙafe tun ba a yi mutum ba. A madubi kowace ƙwaya kamar ɗan tulu take, da zane a murɗe daga baki har gindi. Ta ce irin mai warin tafarnuwar nan ne. Shi yana lulluɓe irinsa da farar ƙasa, shi ya sa in ya mutu jikin ya ruɓe, irin ya zauna ya zama dutse. Yawancin gansakuka ba ta barin komai, sai 'yan kaɗan masu taurin ɓawo. "Tarihinsu kamar na talaka ne," in ji ta. "Mai yawa ya tafi babu shaida."

Abin da ke damunta shi ne duwatsunmu na nan wuta ce ta haife su, ba sa riƙe irin waɗannan abubuwa. Saboda haka duk inda ta ji ana haƙa rijiya, sai ta je da leda ta roƙi yumɓun can ƙasa, ko za ta dace da ɓawon wata tsohuwar gansakuka. Ka yi tunanin yadda wannan yake a idon mutanenmu: gwauruwa marar ɗa ta zo tana neman ƙasar gindin rijiyarka. Wasu sun ba ta don kunya. Wani ya ba ta, washegari ya kira fasto ya yi wa rijiyar addu'a.

A kan wannan kwalbar allurar suka ɓata da babana. Shi dattijon ikilisiya ne. Wata Lahadi bayan sujada ya biyo gidan, ta nuna masa, ya duba, ya yi murmushi.

"Yaya, wannan aikin Allah ne. Shekararsa nawa?"

"Miliyoyi."

Murmushin ya tafi. "A kwana shida aka yi duniya, Yaya. Ke kika koya mini karatun."

"Ni ban ce ba Shi ya yi ba, Auta. Na ce ya daɗe da yi."

"Wa ya ƙirga? Wa yake wurin?"

Ta fara yi masa bayanin yadda laka ke kwanciya hawa-hawa, da yadda ake auna shekarun dutse. Ya ce Turawa sun juya mata kai. Ta ce shi kuma tsoron tambaya ya hana shi girma. Ya ɗauki hularsa. Daga ranar ya daina cin abinci a gidanta, suna gaisawa a majami'a kamar maƙwabta. Damina biyu ta wuce a haka.

Sai aka yi abin tafki. A ƙasan ƙauyenmu akwai wani babban rami da masu aikin hanya suka bari, ya zama tafki. Da rani shanun ruga suna sha a ciki. A samansa gonakin citta ne, mafi girma ta wani ɗan baffan babana da muke kira Baba Ƙarami. Wata bazara shanu suka sha da safe, kafin azahar wasu sun faɗi suna rawar jiki, suka mutu. Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da irin wannan labari yake jawowa. Kafin la'asar mata sun fara ɗaure kaya, samari suna taruwa a bayan makaranta. Daga ruga aka ce manoma sun zuba guba. Daga ƙauye kuma aka tuna an ga Gwaggo a bakin tafkin da kwalba shekaranjiya.

Tabbas ta je. Abin da ta ɗebo yana nan a baranda. Ta ɗiga, ta duba, ta daɗe, sannan ta ce in ɗauko mata mayafi.

"Ina za ki, Gwaggo?"

"Ruga."

Na buga wa Baba waya. Kafin ta rufe akwatin madubin ya iso, yana haki.

"Yaya, kin haukace ne? A yau?"

"Gobe ai an makara."

Sai ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya ɗora a kafaɗa. "Ban yarda da maganarki ba har gobe. Amma ba za ki je ke kaɗai ba."

Na bi su. Mun sami Arɗo da mutanensa a bakin tafkin, fuskoki a murtuke, dagaci ma ya zo da Baba Ƙarami. Ruwan ya yi kore shar a gefen da iska ke turawa, kamar an kifar da bokitin fenti, ga wani wari. Gwaggo ta gaisa da kowa yadda ya kamata, sannan ta nemi aron sandar Arɗo. Ya miƙa mata. Ta tsoma a wani lungu, ta ɗago, gashin ruwa ya biyo sandar yana lilo.

"Wannan gansakuka ce. Shanunku sun sha da ita tun kakanni, ba ta kashe ko ɗaya ba."

Ta koma inda fentin yake, ta tsoma, ta ɗago. Babu abin da ya biyo, sai sandar ta yi kore kamar an shafa.

"Wannan kuwa ba ta cikin dangin. Rigar kawai ta ara. Ƙwayar cuta ta fi kusa da ita a kan tsiro. In zafi ya yi yawa, ruwa ya tsaya, ta sami abinci, sai ta cika wuri, wani lokaci kuma tana fitar da dafi."

Arɗo ya ce, "Malama, kin tabbata?"

"Na tabbata irinta ce, na gani a madubi, zo ka gani. Ko ita ta kashe shanunka, wannan ban gani ba. Sai likitan dabbobi ya buɗe su. Amma kada ko ɗan maraƙi ya ƙara sha a nan."

Da a nan ta tsaya, da ta koma gida da mutuncinta. Amma dagaci ya tambaye ta wane abinci ne abin yake samu a ruwan. Ta nuna sama da yatsa, ta ce takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonakin citta. Baba Ƙarami ya zabura. Kafin ya buɗe baki ta juya ta nuna bakin tafkin, ta ce da kashin shanun da ke tsayawa a cikin ruwa suna sha. Ta miƙa wa Arɗo sandarsa.

Ba a yi faɗa ba. An kewaye tafkin da ƙaya, shanu suka koma rafi, mata suka kwance kayansu. Likitan dabbobi bai zo ba sai da gawarwakin suka lalace, don haka har yau babu wanda ya tabbatar da komai. Abin da ya rage shi ne zargi, kuma a kanta ya sauka. A ƙauye aka ce ta sayar da 'yan'uwanta a gaban Fulani. A ruga wasu suka ce ta ƙirƙiro labarin ne don ta rufa wa danginta asiri. Baba Ƙarami kuwa ya riƙa tambaya a wurin shan burkutu, "Yaya aka yi ta san abin da ke cikin ruwan tun kafin shanu su faɗi? Wanda ya san maciji haka, ku duba jakarsa."

Na gaya mata. Ta yi tsaki. "Tambayarsa mai kyau ce. Amsar ce ba ya so." A daren Kirsimetin shekarar ba ta sami ko kwano ɗaya daga maƙwabta ba, sai na Baba. Shi ya kawo da kansa, ya zauna suka ci tare. Ba su taɓa komawa kan zancen shekarun duniya ba.

Hawan jini ne ya kayar da ita a wannan ranin, tana wanke kwalabe. Ta yi 'yan kwanaki a asibitinmu, bakinta ya karkace, ba a gane maganarta. Duk da haka, duk allurar da za a yi mata sai ta miƙa hannun da ke aiki a nuna mata kwalbar ta karanta. Ubangijin da ta yi ta leƙa aikinsa ta ƙaramin gilashi, ya karɓe ta, ya ba ta hutun da ba mu ba ta ba.

Bayan an watse da makoki ina gidan ina haɗa kaya, sai ga Baba Ƙarami da baƙar leda a hannu. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Ya fito da gorar roba cike da koren ruwa. Ya ce ƙayar nan ta ruɓe tuntuni, rafi ya ja baya, ya ji an ce shanu za su dawo tafki, ga shi ruwan ya fara canzawa.

"Kun gwada da sanda?"

"Na gwada. Wani ya biyo, wani bai biyo ba. Ki duba a abin nan."

Na buɗe akwatin, na ɗiga, na juya madubin wajen taga yadda na ga tana yi. Na ga zare, na ga ɗigo-ɗigo a dunƙule, na ga abubuwa suna motsi. Na yi shekaru a gidan ina kallo, amma ban taɓa koyon rabewa ba.

"Baba, ban gane ba."

Ya kalle ni ta gefen ido. "Ta bar miki, kina ɓoyewa."

"Ban iya ba, Baba. A sake sa ƙaya kawai, a gaya wa Arɗo."

"Ni in je ruga? Su ce na san abin da na zuba?"

Ya ajiye gorar a ƙasa ya tafi. Babana kuwa tun jana'iza ƙafarsa ta kumbura, ba ya fita. Da safe na hau acaɓa na tafi ruga ni kaɗai. Mata suka shimfiɗa mini tabarma, aka kira Arɗo. Na gaya masa abin da ke tafe da ni.

"Wa ya aiko ki?"

"Babu."

"Kin duba a madubin Malama?"

"Na duba. Ban gane ba."

Ya juya sandarsa a hannu. Sannan ya ce, "Ita ma haka take cewa in ba ta gane ba." Ya juya ya yi wa mutanensa magana da Fillanci, ya ce mini shanu ba za su je tafki ba, za su haƙa a cikin yashin rafi. Ya sa aka ba ni nono a gora, ya yi wa Gwaggo addu'a irin tasu.

Mun kama hanya, mun wuce gonakin citta, sai mai acaɓa ya leƙa madubinsa ya ce, "Anti, wani yana bin mu fa." Na waiwaya. Ƙanen Arɗo ne, wanda na gani tare da shi a ruga, a kan babur, can nesa, ba ya matsowa, ba ya tsayawa. Ashe so suke su tabbatar babu wanda ya aiko ni. Ya bi mu har cikin ƙauye, ya ga ban tsaya gidan Baba Ƙarami ba, ban tsaya gidan dagaci ba. Sai da ya ga na buɗe ƙofar Gwaggo na shiga, sannan ya juya.